Filin Tambayoyinku: Wace Hanya Mai Doguwar Tafiya a Keke Zai Bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na daɗe ina hawan keke a cikin gari, yanzu kuma ina shirin tafiya mai nisa wadda za ta ɗauke ni kwanaki a hanya. Da na duba taswirar wayata sai ta ɗora ni a kan babbar hanyar da motoci ke bi, domin ita ce mafi kusa, amma yawan tirelolin da ke kai da komo a kanta ya sa gabana faɗuwa. Ƙananan hanyoyin kuma sun ƙara nisa sosai, ga shi ban san halin da suke ciki ba. Yaya zan zaɓi wadda ta fi aminci? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Fargabar da kake yi tana kan hanya, kuma gara da ta zo maka tun kana gida. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne, da masu keke, da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfen da ya kewaye jikinsu.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, ba girman hanya ko ƙanƙantarta ake dubawa ba. Ana duba gudun da motoci ke yi a kanta, da irin motocin, da kuma filin da ta bar maka a gefe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kai kuwa da kayanka a bayan keke da wuya ka wuce mita 5. Idan direba ya karyo kwana ya gan ka, kafin ƙafarsa ta kai ga birki ya riga ya cinye tazara mai yawa, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka kusan sau huɗu. Shi ya sa hukumar ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara yiwuwar haɗarin da ake mutuwa a cikinsa da kashi 4 cikin 100.

Tirela kuwa tana da nata sha'anin daban. Idan ta gifta kusa da kai da gudu, iskar gabanta takan fara ture ka waje, sa'annan iskar bayanta ta jawo ka ciki, keke mai kaya kuma ba ya saurin daidaituwa bayan irin wannan girgiza. Direbanta yana zaune a sama, akwai wurare a gefensa da gabansa waɗanda madubi ba ya nuna masa, kuma idan zai karya kwana tayoyin baya sukan yanke su bi ta ciki. Don haka kada ka taɓa kutsawa tsakanin tirela da bakin titi a mararraba ko a shataletale, ko da ka ga fili a buɗe.

Wannan ya sa a yawancin lokaci ƙaramar hanya ta fi, kuma Hausawa sun daɗe da yanke hukunci a kan ƙarin nisan da kake kuka da shi: hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai dai ba zan ce maka kowace ƙaramar hanya lafiyayya ba ce. Akwai siririyar hanya mai yawan kwana wadda direbobi ke gudu a kanta saboda sun ɗauka babu kowa, akwai kuma wadda manyan motoci suka mayar da ita yanke zuwa wurin fasa dutse ko masana'anta. Irin wannan ta fi babbar hanya mai faffaɗan gefe na kwalta haɗari. A ganina, idan zaɓi ya kasance tsakanin siririyar hanya mai gudu marar gefe da babbar hanya mai gefen da ya kai faɗin mita biyu, ta biyun ta fi, muddin doka ta yarda keke ya bi ta, domin ƙasashe da yawa sun hana keke hawa manyan titunan da aka keɓe wa motoci masu gudu. Mita biyun ma ba daga kaina na kawo ta ba: tun shekarar 2020 dokar Jamus ta wajabta wa direba ya bar tazarar mita 1.5 a cikin gari, da mita 2 a wajen gari, idan zai wuce mai keke.

Kafin ka zana taka hanyar, ka bincika ko wasu sun riga sun zana. A Turai akwai tsarin EuroVelo mai hanyoyin keke 17, waɗanda jimillar tsawonsu ya haura kilomita 90,000, ta shida daga cikinsu kuma ta taso daga gaɓar Tekun Atilantika a Faransa har Bahar Aswad, tana bin kogunan Loire da Rhine da Danube. A Amurka akwai hanyar TransAmerica da aka buɗe a 1976, wadda ta ratsa ƙasar daga Oregon zuwa Virginia, akasari ta ƙananan hanyoyin karkara. Ko da inda za ka babu irin wannan tsari, dabarar masu zana su za ta yi maka amfani: sukan bi gaɓar kogi, ko bakin mashigin ruwa, ko tsohon layin dogo da aka daina amfani da shi, saboda a nan hawa ba ya tsanani, sukan kuma nemi tsohuwar hanyar da sabon titi ya kwashe mata motoci. Wannan ta ƙarshe ita ce na fi so ka nema, domin sau da yawa tana tafe kafaɗa da kafaɗa da sabuwar, tana ratsa garuruwan da za ka sami ruwa da wurin kwana da mai gyaran taya.

Game da wayarka, tabbatar ka sa ta a kan tsarin keke, ba na mota ba. Manhajoji irin su Komoot da Ride with GPS sun dogara ne da taswirar OpenStreetMap, wadda masu aikin sa kai suke ginawa tun 2004, kuma sukan nuna ko hanya kwalta ce ko burji, da yawan hawa da gangarar da ke cikinta. Amma ingancin bayanan ya danganta ne da yawan waɗanda suka shigar da su a yankin, don haka kada ka miƙa wa manhaja wuya. Ka bi hanyar gaɓa gaɓa ta hoton tauraron ɗan'adam, ko ta Google Street View (hotunan tituna da aka ɗauka daga kan hanya) inda yake akwai, kana duba faɗin gefe, da gadoji, da mashigar manyan birane, domin a nan ne gefen titi yakan ɓace ba zato. Taswirar Strava, manhajar masu motsa jiki, tana nuna inda masu keke suka fi bi, tana kuma da amfani, sai dai ka tuna cewa da yawansu 'yan tsere ne da ke fita a ƙungiya da sassafe ba tare da kaya ba, abin da ya yi musu daidai ba lallai ya yi wa mutum ɗaya mai nauyi daidai ba. Ka sauke taswirar a wayar tun kafin ka tashi, saboda wuraren da babu sabis. A hanya kuma ka riƙa tambayar mutanen wurin, musamman masu keke, domin direban mota zai kwatanta maka hanyar da ta fi masa sauƙi ne.

Duk yadda ka tsara, za a sami wani yanki da babu makawa sai ka hau babbar hanya. A nan lokaci ne abin zaɓa. Ka guji sa'o'in zuwa aiki da tashi daga aiki, ka guji dare baki ɗaya, ka kuma lura da rana: idan ka nufi gabas da hantsi bai ɗaga ba, ko yamma daf da faɗuwarta, hasken da ke kashe maka ido shi ne ke kashe wa direban da ke bayanka, kuma zai iya kasa ganinka. Ka bi hannun da motoci ke bi, kada ka fuskance su, ka kunna jar fitilar baya ko da rana ce, ka sa tufa mai haske da hular kwano, ka kuma ɗaura ƙaramin madubi a kan keken. Idan yankin ya yi muni ƙwarai, kamar doguwar gada marar gefe ko ramin da hanya ta ratsa ƙarƙashin dutse, babu abin kunya a ɗora keken a jirgin ƙasa ko a mota har a wuce wurin.

Ka kuma yi lissafin nisan kowace rana da sassauci. Kilomita 60 zuwa 80 sun ishi wanda bai saba ba, a rage idan akwai hawa ko burji, a kuma bar sa'a biyu kafin duhu saboda faci ko ɓatan kai, tunda gajiya da matsin lokaci ne suke tura mutum ya koma kan titin da ya guje wa tun farko. Kowace safiya ka sanar da wani naka hanyar da za ka bi da garin da kake sa ran kwana. Allah ya kai ka lafiya.