Manhajar masu saƙar kwarashi: da me za a fara?

'Yar'uwa, kin tambayi abin da za ki fara ginawa a manhajar zumuncin masu saƙar kwarashi. Ni dai shawarata, shafin aiki. Mace ta ɗora hoton hular jaririn da ta saƙa, ta rubuta kaurin ulun, girman kwarashin a milimita, da ƙullin ulu nawa ta ci. Irin wannan ne ya riƙe masaƙa a Ravelry, dandalin masu saƙa na intanet, tun 2007.

Ki kula da sunayen saƙa, don suna ɗaya yana nufin abu daban a Amurka da Ingila. Wallahi na taɓa warware rabin bargo saboda haka! Ki sa abin ƙirga layukan saƙa ma: yaro na kiranki, lissafi ya ɓace. Hotunan kuma kada su cinye wa mutane data.