Tambaya da Amsa: Gwajin Kai-sikwaya

Tambaya: Malam, idan an jefa ƙwayar ludo sau 60 amma fuskokinta shida ba su fito goma-goma ba, yaya za a gane ko akwai maguɗi?

Amsa: Ɗan bambanci ba hujja ba ne, domin sa'a kaɗai tana kawo shi. Gwajin kai-sikwaya, wata hanyar lissafi ta kwatanta abin da aka samu da abin da ake tsammani, wanda masanin lissafi Karl Pearson ya gabatar a 1900, shi ke raba gardama. A kowace fuska ka cire 10 daga adadin da aka samu, ka ninka sakamakon da kansa, ka raba da 10, sannan ka tara amsoshin shida. Idan jimillar ta wuce 11.07 akwai dalilin zargi, tunda ƙwaya mai lafiya ba ta kai nan sai kusan sau 5 cikin gwaji 100 irin wannan.