Tafiya da yara zuwa jinyar ɗan'uwa: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan mako, dukkansu daga mutanenmu mazauna Saudiyya da zumunci ya kira zuwa wani gari alhali ga yara ƙanana a hannu, ga aljihu da iyaka. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

Tambaya daga wata uwa, Shara Mansur, Makka: Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke aure a Madina ta haihu ta hanyar tiyata, haihuwar fari, mahaifiyarmu kuma tana Kano, don haka ni ce zan je in zauna da ita na mako uku. Yarana uku ne: babbar shekararta 9 tana makaranta, mai bi mata shekararsa 5, sai na goye mai wata 14. Maigida ya ce zai kai mu a motarsa ranar Juma'a ya juyo Asabar, surukata ta ce safa ta fi sauƙin kuɗi, ni kuwa raina ya fi kwanta wa jirgin ƙasa. Wanne zan zaɓa, kuma me zan saya in tafi da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Kafin mu zo kan abin hawa, 'yar'uwa, akwai abin da ba ki tambaya ba wanda ya fi shi nauyi, wato yara nawa za ki tafi da su. Matar da aka yi wa tiyata barci take bukata, da wanda zai miƙo mata jariri, ya riƙe ta zuwa banɗaki, ya tsaya a kicin, domin likitoci kan hana ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi har wajen mako shida. Idan kika sauka gidanta da yara uku, rabin ƙarfinki a kan naki zai ƙare, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta ce hayaniya ta dame ta ba. Babbar 'yarki, mako uku a wurinta kwana 15 ne na karatu tunda daga Lahadi zuwa Alhamis ake zuwa, kuma makaranta tana rubuta fashi, don haka ki bar ta wurin mahaifinta da kakarta. Na goye dole ya bi ki. Mai shekara 5 shi ne abin dubawa: in ya saba da kakarsa ki bar shi, in kuwa kin san kuka zai yi ta yi har a kira ki a waya tsakar dare, gara ki tafi da shi.

Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2018, yana tashi daga tashar Rusaifa a nan Makka, ya bi ta Jidda da birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, ya isa Madina. Tsawon layin wajen kilomita 450 ne, gudunsa yana kaiwa kilomita 300 a awa, tafiyar kuma ba ta cika wuce awa biyu da rabi ba. Safa kan ɗauki awa biyar zuwa shida a kan hanyar Hijira. Surukarki ta yi gaskiya cewa kuɗin safa ya fi sauƙi, amma duk wadda ta taɓa riƙe yaro mai wata 14 a cinya na tsawon awa shida ta san cewa bambancin kuɗin a jikinta za ta biya shi, kuma gobe da asuba aiki ke jiranki. A jirgi akwai banɗaki, akwai wurin da yaro zai ɗan taka, sanyin na'ura kuma ba ya yankewa.

Tayin maigida abin godiya ne, sai dai ku yi lissafinsa tare: zuwa da dawowa kilomita wajen 900 ne cikin kwana biyu, sannan ya sake maimaitawa ranar ɗauko ku, ga fetur, ga gajiya, ga aiki ranar Lahadi. Shawarata ita ce ki tafi a jirgi, shi kuma ya zo da mota sau ɗaya a ƙarshe tare da babbar, ta ga jariri, ya yi barka, ku dawo tare. In kuna da niyyar umra, dawowa a mota za ta ba ku damar tsayawa a miƙatin Abyar Ali ku ɗaura niyya a tsanake. Ki sayi tikiti da wuri ta manhajar jirgin, musamman a Ramadan da lokutan cunkoson umra, ki riƙe iƙama, wato katin izinin zama, ta kowane yaro a jakar hannunki, ki kuma sa mijin ƙanwarki ya tarye ku, domin tashar Madina tana gabashin gari, ba a bakin Harami take ba. Kaya kuwa a jirgin suna da iyaka: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba da ƙaramar jakar hannu.

Wannan iyakar ma alheri ce gare ki, domin za ta hana ki abin da da yawanmu muke yi, wato jidar kayan da ake sayarwa a can. Kunzugun yara, sabulu, shinkafa da mai duk suna nan a manyan kantuna irin su Panda da Othaim da kantunan magani irin su Nahdi a Madina. Abin da za ki ɗauka shi ne wanda ƙanwarki ta fi yarda da shi daga hannunki, kuma ya fi samuwa a wajen mutanenmu na unguwarku: yajin jego, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da garin kunu. Ki sayi ma'aunin zafin jiki guda ɗaya in babu a gidan, domin jaririn da bai kai wata uku ba in zafinsa ya kai 38 asibiti ake kai shi nan take, ba a jira gari ya waye. Tsarabar barka kuwa, ni na fi ganin amfanin kuɗi a ambulan ko cefanen mako guda a kan saitin kayan jarirai na biyar da za a jibge a kusurwa.

Sai kanwa, wadda na san sai an yi miki maganarta a waya daga gida. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa da yawa da kuma kwanciya a kan gadon da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, saboda kanwa cike take da sinadarin gishiri mai tara ruwa a jiki. Ki dama mata kunu, amma ki janye kanwar, musamman in ta yi hawan jini lokacin ciki. Wankan jego da ruwa mai tsananin zafi ma a bar shi har likitarta ta duba ɗinkin. In kika ga zazzaɓi, ko wari daga wurin ɗinki, ko jini mai yawa, ko numfashi na yi mata wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ki kira motar asibiti a 997. Don neman shawarar likita kuma akwai 937 na Ma'aikatar Lafiya. Yaron da ke mura a cikin naki kada ya sumbaci jaririn, ko da ƙanwarki ta ce ba komai.

Tambaya daga wani magidanci, Gulail, Jidda: Yayana da ke Riyad ya samu karaya a ƙafa, iyalinsa kuma suna gida Nijar, ina so in je da matata da yaranmu biyu, mai shekara 3 da mai wata 7, mu yi kwana goma. Na ga kujerun yara na mota na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, da kuɗi kaɗan. Shin dole ne kujerar, tunda uwar za ta riƙe jaririn? Ko kuwa jirgin sama ya fi?

Amsa: Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya saka maka da alheri, Malam. Kujerar dole ce. A dokar Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, rashin sa yaro a kujerarsa laifi ne mai tarar riyal 300 zuwa 500, amma ba tarar ce ta dame ni ba. Hanyar da za ka bi akwai sassanta da aka yarda a yi gudun kilomita 140 a awa, kuma in mota ta tsaya farat ɗaya, ko da gudunta bai kai rabin haka ba, nauyin jariri kan ninka har ya fi ƙarfin kowane hannu, komai son uwa ga ɗanta. Ita kanta uwar in ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi.

Game da ta hannu, araha ba ta ado. Kujerar da ta taɓa shiga hatsari tana iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba, mai sayarwa a kasuwa kuma ba lallai ya san tarihinta ba, balle ya faɗa maka. Ga kuma zafin ƙasar nan, wanda ke cinye roba a motar da ke yini a rana. Masu ƙera kujerun kan sa musu wa'adi, galibi shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, kuma ranar tana rubuce a ƙasa ko bayan kujerar. In ɗan'uwa ne da ka yarda da shi zai ba ka aro, ya tabbatar maka ba ta taɓa hatsari ba, igiyoyinta da maɗaurinta lafiya, wa'adinta bai ƙare ba, ka karɓa. In ba haka ba, sabuwa mai sauƙin kuɗi wadda ke ɗauke da tambarin ƙa'idar tsaro ta R129 ko R44/04 ta fi tsohuwa mai babban suna. Mai wata 7 kujerarsa bayan mota take fuskanta, aƙalla har ya kai wata 15 bisa ƙa'idar R129, kuma kada a kafa ta a kujerar gaba inda jakar iskar da ke buɗewa lokacin hatsari take. Ka je shagon da motarka a gwada a gabanka, ka duba ko tana da maƙalan ISOFIX a tsakanin mazauni da jingina, domin kujera mai kyau da aka ɗaura ba daidai ba ba ta tsinana komai.

Zaɓi tsakanin mota da jirgi kuwa ya dogara ga abu ɗaya: shin Yaya yana da mota a Riyad? Mai karaya zirga-zirgar asibiti yake bukata, kuma duk da jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a Riyad a ƙarshen 2024, ba za ka ja mutum da sanduna zuwa tasha ba. In yana da mota, ya ba ka izinin tuƙa ta ta manhajar gwamnati ta Absher, ku hau jirgin sama, tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Ka lura cewa tikiti mafi araha na flynas da flyadeal jakar hannu ta kilo 7 kawai ya ƙunsa, kuma ƙara kaya lokacin sayen tikiti ya fi sauƙi a kan ƙarawa a filin jirgi. Ka tambaye su kuma yadda ake ɗaukar kujerun yaran, tunda a can ma za ka bukace su. In ba shi da mota, to ka tuƙa, amma ka sani Jidda zuwa Riyad wajen kilomita 950 ne, awa tara zuwa goma ba tare da tsayawa ba, da yara kuwa yini ne cur. Ka duba tayoyi, lambobi huɗun da ke jikinsu mako da shekarar ƙira ne, ka tashi bayan sallar asuba, ka tsaya duk bayan awa biyu a fito da jaririn ya miƙe, kuma kada a bar yaro a mota a tashar mai ko da na minti biyar ne. Hawan Hada zuwa Ɗa'ifa yana da lanƙwasa da yawa, yara kan yi amai, don haka hanyar Sail ta fi sauƙi a kansu. In tafiyar ta faɗo a lokacin aikin Hajji, ka tuna mai iƙamar Jidda ba ya wuce shingen Shumaisi da ke kan hanyar shiga Makka ba tare da izini ba, sai ka bi hanyar da ke kewaye Makka.

Tambaya daga wata baiwar Allah, Ɗa'ifa: Gwaggona tana kwance a asibiti a Jidda, zan je jinya da yarana biyu. 'Yarta ta ce mu sauka a gidanta, amma ɗaki biyu ne, ga mijinta da yaransu huɗu. In kama ɗakin haya mai kaya a ciki, ko hakan zai zama raini?

Amsa: Allah Ya ba Gwaggo lafiya. In jinyar kwana biyu ko uku ce, ki sauka wurin 'yar'uwarki, ki shiga da cefane a hannu. In za ta kai mako ko fiye kuma kina da hali, ki kama ɗakin kusa da gidanta, ba kusa da asibiti ba, domin yaranki su yini da nata ku riƙa karɓa-karɓa a wajen Gwaggo, tunda asibitoci ba sa barin yara su kwana a ɗakin majinyata. Ki nemi farashin mako ko na wata maimakon na kwana, ki shiga ki ga kicin da na'urar sanyaya ɗaki kafin ki biya, ki tafi da iƙamarki domin sai da ita ake rajista. Batun raini kuwa ya danganta da bakin da aka faɗa: ki kwana daren farko a gidanta, ki ci tuwonta, sannan da safe ki ce mata yaran nan naki ba sa barin kowa ya yi barci, kuma maigidanta yana fita aiki.