Tarakta mai batir ta ƙi motsi: kafin ka karyar da ita

Tambaya: Na sayo gwanjon ƙaramar taraktar lambu mai aiki da batir, kayan Amurka, don in sayar. In an murza makulli sai ta yi "ƙas" ta tsaya. Bakanike ya ce injin ya ƙone, a sayo wani. In ƙara zuba kuɗi ne, ko in karyar in huta?

Amsa: Alhaji, kada ka yi ko ɗaya tukuna. Wannan "ƙas" ɗin ƙarar rile ce, makunnin da ke tura wutar batir zuwa inji, kuma sau da yawa matsalar ba ta wuce nan ba. Kuɗin rile bai kama ƙafar kuɗin inji ba. Duk bakaniken da ya yanke wa inji hukunci bai ɗora mitar auna wuta ba, aljihunka yake aunawa.

A fara da batir. Tsofaffin irin waɗannan, kamar Elec-Trak da kamfanin General Electric ya ƙera a farkon shekarun 1970, bolt 36 suke ci, daga batir shida masu bolt 6 kowanne. In sun cika, mita za ta nuna kusan 38. A auna su ɗaya bayan ɗaya, don guda ɗaya da ya mutu ya isa ya durƙusar da sauran: rile ta kama, wuta ta faɗi, ta sake. In batir lafiya, a ɗaga ƙafafun baya, a kunna, a auna tsakanin manyan bakunan rile biyu. Ya kamata mita ta nuna kusan sifiri. In ta nuna wuta mai yawa, bakin ya cinye ne.

Inda 'yan kasuwa ke tafka asara shi ne wajen sayen madadi. Rilen mota ta bolt 12 ƙonewa za ta yi. Ta wutar gida ma ba ta dace ba, domin tartsatsin wutar batir ba ya mutuwa da sauƙi, yana iya narkar da bakin ya manne, tarakta ta ƙi tsayawa. Ka ga ranar da hakan ya faru a hannun wanda ka sayar wa, sunanka ne ya zube a kasuwa.

Yaranka kuma ka ja musu kunne. Bolt 36 ba kasafai yake jan busasshen hannu ba, shi ya sa ake raina shi, amma in sufana ta haɗa kawunan batir, nan take za ta yi jajir. A cire zobe da agogo, a kwance wayar batir kafin a taɓa komai, kada a yi caji a rufaffen shago saboda iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Cajar ma ta Amurka ce, bolt 120 take so, wutarmu kuwa 230 ce. Sai da taransifoma mai rage wuta. Ka sa kuɗinta da na sabon batir cikin farashi kafin ka yi wa kowa ciniki.