Amsa ga maman yaron da ke kuka in an ce jardan

Assalamu alaikum. Ƴar'uwa, tun jiya da dare na ga tambayarki, na ajiye waya na kasa rubuta komi, don tsohon miki kika taɓa mini. Kin ce ɗanki shekara 3 da rabi, kin sa shi jardan na kuɗi, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, tun rantire ta watan Oktoba da aka koma makaranta, ga shi an shiga Disamba kullum sai an ja shi yana kuka, ya kuma koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari. Uwar mijinki ta ce sangarta ce, a ƙyale shi zai saba. Kina tambaya ki cire shi ko ki daure. Wallahi kamar a ɗakina kika zauna kika rubuta.

Ni ɗiyata ta biyu ce. Saura wata 2 ta cika shekara 4 na kai ta wani jardan nan cikin Maraɗi, ba zan faɗi sunansa ba, na bar su da Allah. Abin da ya ruɗe ni bango ne. An shafe shi da fenti, an zana raƙumin dawa da giwa, ga lilo biyu daga bakin ƙofa, ga yara cikin tenu iri ɗaya gwanin sha'awa. Jika 75 na biya na shekara, ban da tenu da kuɗin gute, ɗan abincin da yara ke ci lokacin hutu, kuma daga asusunmu na Mata Masu Dubara na ɗauko bashin. Babansu cewa ya yi shi bai ga dalilin biya wa ƴar da ba ta iya ɗaura zane kuɗin lakwal ba, in ina so in yi da kuɗina. Na ce na ji, na yi.

Yarinyar nan aku muke ce mata a gida saboda surutu. Ko mai tallan fura ya shigo sai ta tambaye shi sunan uwarsa. Cikin wata guda ta yi tsit. Kowace safiya ciwon ciki, sau biyu ina kai ta likita ana gwajin masassara ba a ga komi ba. Asabar da Lahadi kuwa garau take. Ni da hankalina ban haɗa wannan lissafin ba.

Akwai abin da har gobe in na tuna sai in ji kunyar kaina. Da marece takan kwaso takalman gidan duka, nawa da na babanta da na Hajiya uwar mijina, ta jera su bakin rijiya, ta zaro tsinken tsintsiya tana dukansu ɗaya bayan ɗaya tana cewa "silans! a jenu!", wato "shiru! durƙusa!" Mu kuma muna zaune muna dariya, har ina kiran maƙwabciya ta zo ta ji ɗiyata ta fara Faransanci. Ashe abin da ake yi mata ne take nuna mana, iyakar bakin da take da shi ke nan. Hajiya ta ce mini su da suka haifi tara ba su taɓa bin kukan yaro ba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na yi shiru, kin san ba a musu da uwar miji.

Ranar wata Alhamis ta manta gutenta a gida, ɗan biredi da ƙosai cikin leda. Wajen ƙarfe 10 da rabi na hau kabu-kabu na bi ta da shi. Mai gadi ba ya ƙofa, na shiga kai tsaye ba wanda ya sanar. Ajin shiru kamar ba mutane. Yara sun kifa kai bisa tebur, na ƙirga har na wuce 60 na bari, tanti, wato malamarsu, guda ɗaya zaune bakin taga tana latsa waya, da guntun tiyo kan cinyarta. Na duba ban ga tawa ba. Can baya jikin bango na hango ta durƙushe, hannu sama, tenu jiƙe sharkaf har safa, ƙuda na bin ƙafarta. Fitsari ya kubce mata don ba a barin su fita sai lokacin hutu ya yi, shi ne aka sa ta durƙuso tun wajen ƙarfe 9.

Ƴar'uwa, ba durƙuson ne ya fi ƙona mini rai ba. Da ta gan ni ba ta rugo ba. Sai ta juya ta dubi tanti tukun, hannunta na sama yana rawa, tana jiran izini ta zo wurin uwar da ta haife ta. Ƴar shekara 4. Na ɗauke ta na goya da fitsarin da komi, jikinta na ɓari a bayana, ko kuka ba ta yi ba sai da muka fita ƙofa.

Na koma wurin direktiris washegari, ni kaɗai, don babansu ya ce shi ba ya zuwa rigimar mata. Matar nan ko kujera ba ta nuna mini ba. Tana rubutu tana magana, wai haka ake koya wa yara tsabta, wai iyayen da suka san darajar ilimi ba su shigowa aji ba izini, wai in kuɗin ne ya yi mini yawa ga na gwamnati can kyauta. Ta juya harshe zuwa Faransanci tana faɗa wa wata da ke gefe cewa irinmu ne ke ɓata yara, ta ɗauka ban ji. Ni da na yi lakwal har tirwaziyam! Na amsa mata da Faransancin, ta ɗago kai ta dube ni, amma ko a jikinta. Na ce a maido mini ko rabin kuɗina, ta ce abin da ya shiga kes ba ya fita. Wata 8 ina biyan bashin asusu na karatun da ɗiyata ta yi wata 2. Har yau in na gan ta wurin biki da manyan lesuka tana gaisawa da mutane sai zuciyata ta tashi. Na yi ta roƙon Allah ya cire mini abin, bai gama fita ba.

To ke dai kada ki tsaya tambayar kowa, gobe ki je. Kada ki je lokacin kai yara ko lokacin ɗauko su, nan kowa murmushi yake. Ki je tsakiyar safiya da wani dalili, ki ce ruwa kika kawo masa. In an hana ki leƙa ajin, kin riga kin samu rabin amsarki. Ki saurara tun daga waje: ajin ƴan shekara 3 da ke lafiya ba ya yin shiru, za ki ji waƙa da tafi da gardama. Ki ƙirga yaran, ki ƙirga manyan da ke tare da su. Ki ce a nuna miki makewayi, ki tambaya wa ke raka ƙanana, don yawancin fitsarin nan daga can yake farawa, yaro na tsoron ramin ko yana tsoron tambaya.

Ban ce lalle dukan ɗanki ake ba, Allah ya sa ba haka ba ne. Akwai tantoci masu tsoron Allah da yawa, wasu albashinsu bai kai kuɗin buhun gero ba amma suna riƙe yaran kamar nasu. Kukan sati 2 ko 3 na farko kusan kowane yaro na yi, kuma da uwa ta juya baya yake shiru. Amma wata 2 da fitsarin kwance a kai, wannan ba sabo ba ne ke tafe. Ki kai shi CSI ma, likitar unguwa, a duba fitsarin, wani lokaci ciwon mara ne. Tun 2006 aka ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da yake mun san sau da yawa takarda za a rubuto miki ki nufi farmasi. In kina masa wanka ki duba bayansa da cinyoyinsa. Kuma kada ki ce masa "tanti ta buge ka?", zai ce e ko a'a don ya faranta miki. Ki ce ku yi wasan lakwal, shi ne tanti ke ce yarinya, ki zauna ki ga abin da zai yi miki.

Ki ɗaga kai ki dubi rufin ma. Mu mutanen Maraɗi ba mu manta 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da gobara ta cinye azuzuwan zana ta tafi da yara aƙalla 25, ƴan shekara 5 da 6. Bayan nan gwamnati ta hana sa ƴan jardan cikin runfar zana. Ni tun ranar duk inda zan bar yaro sai na ga ƙofar fita da idona. Allah ya jiƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri.

In kin cire shi babu abin da ya ɓace. Ba a tambayar takardar jardan kafin a ɗauki yaro CI, ajin farko na firamare, sai ya kai shekara 6 ko 7 ne ake maganar wannan. Abin da za a tambaye ki takardar haihuwa ce, kuma don Allah duk wadda ke karanta wannan da jariri a hannu ta je ta yi ta cikin kwana 60, in ya wuce sai an bi ta kotu. Na sha wannan wahalar da babban ɗana, kai da kawowa har takalmina ya tsinke.

Tawa wata 5 ta yi a gida. Da safe tana bin yayanta makarantar allo nan bayan gidanmu, da rana tana wurina. Ƙanwata da ke aure wani ƙauye wajen Gidan Rumji ita ta ba ni dabara. Suna cikin waɗanda shirin tallafin nan na gwamnati da Bankin Duniya ya ɗauka, a lokacin jika 10 kowane wata har wata 24, kuma ba kuɗin kawai ba, ana tara su ana yi masu bayani kan nono da abinci da wanke hannu da yadda ake wasa da yaro ana yi masa magana. Ta ce mini, "Yaya, ke da ke birni kina biyan kuɗi a yi wa ɗiyarki shiru, mu nan ana ce mana mu riƙa sa su magana." Na ji kunya. Sai na fara sa ta ƙirga mini tumatir in na dawo kasuwa, ta ware wake da tsakuwa, ta faɗi launin zanen duk wadda ta shigo. Hajiya da kanta ta koma yi mata tatsuniyar gizo da ƙoƙi da dare, ba ta dai taɓa cewa ta yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. A hankali akunmu ta dawo.

Da rantire ta zagayo na kai ta jardan na gwamnati, wanda direktiris ta yi mini gori da shi. Bangon ba fenti, tabarmi ne a ƙasa, yaran ma suna da yawa. Amma tantin da Hausa take tarbar su, waƙoƙin rabi Hausa rabi Faransanci, in yaro ya ɓata wandonsa ta wanke shi ta aiko a kawo wani. Ni ban ga abin kunya ga yaro ya fara da harshen uwarsa ba, balle yanzu da aka ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Na shiga ƙungiyar uwaye ta makarantar, AME, don in samu bakin magana, kuma ina ba ki shawara duk inda kika maida shi ki shiga.

Abu guda nake nadama, ban kai ƙara inspeksiyo ba. Akwai masu kula da jardan-jardan, na kuɗi ma ƙarƙashinsu suke. Na ɗauke tawa na bar sauran 60 da guntun tiyon nan. In kin ga abin da bai dace ba ke ki je, in kina jin nauyi ki yi mini magana ta gefe in raka ki, Laraba da Alhamis ba ni da aiki da safe. Mijinki kuma kada ki kawo masa maganar gaban mahaifiyarsa, ki bari sai ya ci ya ƙoshi ku biyu, in da hali ma shi ya kai gute ɗin da kansa ƙarfe 10 ya gani.