Amsa ga mai tambaya kan raka aboki haikalin Meenakshi a Madurai

Salam ɗan uwa. Ka ce abokin karatunka ɗan Hindu ya gayyace ka ka raka shi da iyayensa ziyara haikalin Meenakshi, wata allahiya da suke bautawa, kana so ka san ko za a bar ka ka shiga da abin da za ka tarar. Na yi zaman karatu a jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, inda Madurai take, kuma na raka abokai wurin, to ga abin da idona ya gani. Batun hukuncin zuwa kuwa na malamai ne, ka tambaye su tun kafin ka yanki tikitin jirgin ƙasa.

Shiga dai za ka shiga amma ba ko'ina ba. Ɗakin ita Meenakshi da na mijinta Sundareswarar, wato Shiva, ƴan Hindu kaɗai ke shiga, akwai allo a rubuce. Kada ka ce za ka saje a layi don Tamilawa ma baƙaƙe ne irinmu, gashinka zai tona maka asiri, kuma ba girmanka ba ne. Takalmi da safa a waje ake ajiyewa, gajeren wando ba ya shiga, waya ma haka, tun gobarar da aka yi a 2018 kotu ta hana shiga da ita, saboda haka ku tsayar da wurin haɗuwa tun daga ƙofa don in kun rabu ba mai kiran wani. Da rana suna rufewa wajen 12:30 sai 4 na yamma, dama a lokacin dutsen ƙasan ba ya takuwa da ƙafa tsirara.

Su fa ibada ta kai su, layin ganin gunkin yana iya cin awoyi ko da sun biya na layin sauri, kai kuma jira za ka yi. Ka zauna a matakalar tafkin da ke tsakiya ka ɗaga kai, daga nan ake ganin hasumiyoyin da kyau. 14 ne gaba ɗaya, ta kudu ta fi tsawo, kusan mita 52, cike da mutum-mutumi masu launi tun daga ƙasa har ƙoli. In ka gaji ka shiga zauren da suke cewa mai ginshiƙi dubu, ainihin adadin 985 ne, an mai da shi gidan tarihi kuma kowa na shiga. Mafi yawan ginin da kake gani sarakunan Nayak ne suka tayar a ƙarni na 16 da 17, bayan rundunar Malik Kafur, wani kwamandan Musulmi daga Delhi, ta wawashe garin a 1311. Na faɗa maka wannan ne don kada wani ya jefo maganar ka tsaya baki buɗe, in an jefo ma ka saurara kawai, ba wurin muhawara ba ne.

Inda za ka ɗan ji nauyi shi ne in sun fito da jan gari da farar toka a tafin hannu, mahaifiyar abokinka tana iya miƙo yatsa ta shafa maka a goshi, a wurinta alheri take yi maka. Ni hannu nake ɗorawa a ƙirji in ɗan rusuna in ce Amma na gode, haka suke kiran uwa, ba wadda ta taɓa riƙe ni da fushi. Haka alawar laddu da ake rabawa. Mafi sauƙi ka gaya wa abokin tun a hanya, shi zai yi wa iyayen bayani.

In da hali ku kai dare. Wajen 9 ake ɗauko gunkin Shiva a wani rufaffen akwati da maza ke saɓawa a kafaɗa a kai shi ɗakin matarsa ya kwana, ana busa wata doguwar algaita da ganga, hayaƙin turare da ƙamshin furen da mata suka ɗaura a kitso sun cika ko'ina, tsofaffi na bin baya hannu a haɗe. Amma ka guji bikin Chithirai na Afrilu zuwa Mayu da ake ɗaura wa Meenakshi da Shiva aure, cunkoson ba na baƙo ba ne.

Salla ba matsala, babban masallacin Kazimar yana kusa da tashar mota ta Periyar, ka ce wa mai keke napep Kazimar Street, amma ku yi ciniki kafin ka hau.