Hukuncin awon miyau don gano cutar mantuwa

Tambaya: Malam, ni mazauniyar Bagalam ce a nan Maradi. Babanmu ya haura shekara saba'in, ya fara manta hanyar gida da raka'o'in salla. Ƙanena da ke karatun likita ya ce yanzu ana auna miyau a gano cutar ƙwaƙwalwa tun kafin ta bayyana. Wannan ba shiga gaibu ba ne? Yana karya azumi? In awo ya nuna cutar, za mu iya karɓe lamarin dukiyarsa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri, 'yata.

Abin da muke kira gigin tsufa sau da yawa ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Mafi yawansa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, inda wasu furotin biyu, amiloyid da tawu, ke taruwa su kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Likitoci kan neme su a ruwan da ake zuƙowa da allura daga gadon baya, kuma a 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da awon jini na farko. Miyau kuwa har yanzu a hannun masu bincike yake. A 2017 an ruwaito daga Sifaniya cewa furotin laktoferin yana raguwa a miyan masu cutar, sai bincike a Denmak a 2021 bai ga hakan ba. Abinci, lokacin tofawa da ciwon dasashi duk suna sauya sakamako.

Awon halal ne. Miyan ɗan Adam mai tsarki ne a mazhabarmu ta Malikiyya, bayar da shi ba ya cutarwa, kuma Annabi (SAW) ya umurce mu da neman magani a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ba shiga gaibu ba ne. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce za a yi ruwa, alama ya karanta, haka likita. Boka shi ne mai faɗa ba tare da sababin da Allah ya sanya ba.

Tofar da miyau ba ya karya azumi. In sai an tauna auduga ko an ɗiga abu mai tsami a harshe, makaruhi ne da rana, in ya wuce maƙogwaro a rama ranar.

Tambayarki ta uku ita ta fi damuna, don na ga gidajen da ta raba. Shari'a ba ta hana mutum dukiyarsa da zato. Hankalinsa tabbas ne, kuma tabbas ba ya gushewa da shakka, balle shakkar awon da masu shi ba su gama yarda da shi ba. Ko awon jini ne ya nuna furotin, halin Baba na zahiri ake dubawa: yana gane ciniki, yana sanin kuɗinsa? In yana ganewa, sayarwarsa da kyautarsa da wasiyyarsa a cikin sulusi sun inganta. In abin ya ci ƙarfinsa, alƙali ne zai naɗa mai kula, da shaidar likita, ba 'ya'ya su zauna a zaure su raba ba. Sakamakon kuma amana ne, kada ya zama labarin unguwa.

Salla tana kansa muddin yana cikin hayyacinsa. Wani ya tsaya tare da shi ya yi masa limanci, raka'o'in ba za su ɓace masa ba. Ranar da hankali ya gushe an ɗauke masa alƙalami, babu ramuwa a kanku. Allah ya ambaci wannan hali a Suratun Nahl aya ta 70, mutum ya koma bai san komai ba bayan ya sani, don haka kada ku yarda a ce masa maye ko an yi masa sammu.

Ku kai shi babban asibiti a duba shi tun yanzu, don ƙarancin bitamin B12 da ciwon maƙoƙo ma suna kawo mantuwa, kuma suna da magani. Ku zauna da shi ya faɗi basussukansa a rubuta, da shaidu biyu.

Wallahu a'alam.